Kalmar "brevet" ta masu ƙirƙira: me za mu kira ta da Hausa?

Mai fassara, Yamai: Salamu alaikum. Ana rubuta bayani da Hausa kan tallafin gwamnati ga binciken masana'antu, sai kalmar brevet ta tsaya. In aka bar ta yadda take, mutane takardar BEPC ta koleji za su zata. Ko a ce lasisi?

Injiniya, Tawa: Wa alaikumus salam, Malam. Lasisi izini ne, brevet kuwa hani ne. Mai brevet shi ke hana wasu ƙera abinsa ko sayar da shi har shekara 20 daga ranar da ya ajiye takardunsa, kuma shi ke ba wani lasisi in sun daidaita. Kalma guda ba za ta ɗauki biyun ba.

Hajiya lauya, Yamai: Haƙƙin mallaka ma a bar wa littafi da waƙa, don wannan ba ya jiran rajista. Brevet ciniki ne da hukuma: ka bayyana sirrin na'urarka dalla-dalla, yadda wani ma'aikaci zai iya ƙera ta daga bayanin kawai, ita kuma ta kare ka. Ina ba da shawarar "takardar kare ƙirƙira". Mu a Nijar ta OAPI ake bi, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka mai ba da brevet, mai cibiya a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Ajiya ɗaya ta isa ƙasashe 17. Abin da ke ɓata mini rai, mutum ya ƙera injin casar gero mai sabon tsari, ya sa bidiyonsa a Facebook kafin ya ajiye. Shi ke nan sabunta ta tafi, alhali sabunta ce sharaɗin farko. Sannan akwai kuɗin shekara-shekara. In wa'adi ya wuce, akwai rangwamen wata 6 tare da tara, daga nan kariya ta faɗi. A nan ya kamata gwamnati ta sa hannu: ta ɗauke wa ƙananan maƙera wani kaso na kuɗin, ta kuma horar da masu rubuta takardun.

Injiniya: Na yarda, Hajiya. Saura revendications, jimlolin da ke faɗin ainihin abin da aka kare. Na ce "iyakokin kariya", kamar shingen gona. In an tsuke su, wani ya sauya ƙusa guda ya wuce. In an faɗaɗa, su faɗa gonar wani, a soke.

Mai fassara: Madalla. Takardar kare ƙirƙira, iyakokin kariya, lasisi kuma ya zauna a wurinsa.