An yi masa allura uku amma maleriya ta kama shi, in koma ta huɗu?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. A Argungu muke. An yi wa yarona allurar rigakafin maleriya yana wata 5, da 6, da 7, ko ɗaya ban tsallake ba, katin na nan. Damina na yin tsakiya jikinsa ya ɗau zafi rau, aka gwada aka ce maleriya ce. Tare muka kai shi allurar da ɗan kishiyata, amma nata ko atishawa bai yi ba. Saura ta wata 15, uwar mijina ta ce wahalar banza ce. In je ko in haƙura?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ki je, ƙanwata. Aikina ke nan a asibiti. Allurar da aka yi masa, wato R21, da aka fara yi a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 tana koya wa jiki tare ƙwayar cutar kafin ta isa hanta, amma ba ta tare duka. A gwajin da aka yi a wuraren da maleriya ke zuwa da damina, ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. Kuma garkuwar tana sanyi a hankali, ta huɗun ce ke farfaɗo da ita. Batun ɗan abokiyar zamanki kuwa, jiki da jiki ya bambanta, haka yawan cizon da kowane yaro ke sha. Wanda tamowa ta taɓa ko ciwo ke yawan kayar da shi, garkuwarsa kan yi rauni. Yana cin abinci sosai? A ina yake kwana?

Maman Sadik: Ci dai sai a hankali, Anti, kunu kawai yake karɓa. Gidan sauronmu kuma ya yage ta wajen ƙafa, na ɗaure da tsumma.

Baban Walida: To Hajiya, ai ga ƙofar ɓarawon nan.

Hajiya Ladi: 'Yar nan, maganin rigakafin maleriya da ake rabawa gida-gida da damina fa, kina ba shi na kwana ukun cif? A Mali da Burkina Faso an gwada haɗa shi da wata allurar maleriya mai suna RTS,S, yaran suka fi waɗanda aka ba ɗaya kaɗai samun kariya nesa ba kusa ba. Mu nan da yawa rana ɗaya suke bayarwa, sauran su jefa bayan gado.

Maman Sadik: Wallahi Hajiya kamar kina ɗakina. Zan kai shi ranar, in sha Allahu. Iya kuma sai dai Babansa ya yi mata bayani, ni ba zan iya ba.