Neman shawara: daga ina kalmar "chien" ta samo asali?

Hauwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon Faransanci, na san chien kare ne, amma furucin na ba ni wahala, kuma ina cin karo da ita a jimlolin da babu kare a ciki. Don Allah a warware mini.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam Malama. Ki ce "shiyan", amma kada harshenki ya taɓa dasashi a ƙarshe, sautin ya fita ta hanci. In kika furta n ɗin sosai kin koma chienne, wato karya, kuma faɗa wa mace ita zagi ne mai muni. Kwikwiyo chiot ne, ba a furta t.

Asalin chien kuwa canis ne na Latin, ta siffar canem. A tsohon Faransanci "ca" na farkon kalma ya rikiɗe ya zama "ch": cantare ya zama chanter, caballus ya zama cheval, capra ya zama chèvre. Italiyanci bai yi wannan sauyi ba, har yau cane suke cewa.

Malama Rabi: Ƙari kan bayanin Malam. Canicule, wato tsananin zafin bazara, daga Canicula ne, "ƙaramar karya", sunan da Rumawa suka ba tauraron Sirius, wanda ke fitowa tare da rana a lokacin zafi. Abin mamaki, chenille, tsutsar da ke zama malam-buɗe-littafi, ita ma daga nan take. Clébard kuwa, wanda shi ma kare yake nufi, ba Latin ba ne, kalb ne na Larabci da ya shigo ta Arewacin Afirka. Maganar titi ce, kada ki sa ta a jarrabawa.

Sani: 'Yar uwa, matsalarki fassara kalma da kalma ce. Temps de chien mummunan yanayi ne. Avoir un mal de chien, shan baƙar wahala wajen yin abu. Entre chien et loup almuru ne, lokacin da ido ba ya bambance kare da kerkeci. Chien na bindiga shi ne ƙarfen da ke dukan harsashi.

Malam Isufu: Akwai tarko guda: elle a du chien yabo ne, mace ce mai kwarjini da jan hankali. Duk da haka kada ki faɗa wa wadda ba ku saba ba.