Muhawara: Littafin jagora da ayarin yawon buɗe ido, suna nuna ƙasa ne ko suna rufe ta?

Malamin makaranta, Marwa:
Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, mutumin da ya zo arewacin Kamaru riƙe da littafin jagorar matafiya, ko ya biyo ayarin masu yawon buɗe ido, ko kuma ya san mu ta shirin talabijin kawai, bai ga ƙasar nan ba, abin da aka zaɓar masa ya gani. Duk wanda ya taɓa buɗe irin waɗannan littattafai, waɗanda galibinsu da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, zai tarar da hanya ɗaya suke shatawa: a sauka Marwa, a tafi Waza kallon raƙuman dawa da giwaye, a bi ta Mokolo zuwa Rumsiki don ɗaukar hoton duwatsun Kapsiki da bokan da ke duba da ƙaguwa, a hau Ujila kusa da Mora a kalli rawar matan sarki, sannan a koma filin jirgi. Manomin da ke dashen masakwa bayan ɗaukewar damina, da masuncin Maga, da almajirin da ke zaure da allonsa, su ne mutanen ƙasar, amma da wuya baƙon ya zauna da ɗaya daga cikinsu ko da na sa'a guda.

Hajiya 'yar kasuwa, Garwa:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya gafarta maka, kana magana ne kamar Bature kaɗai ke tafiya, alhali mu ma muna da sha'awar ganin ƙasarmu. Mace kamata ba za ta ɗauki jaka ta nufi daji ita kaɗai ba, kuma ko da mijinta ya yarda, kuɗin hayar mota mai shiga jeji ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mu matan da muke adashi tare, da muka haɗa kuɗi muka ɗauki mota, mun je mun ga madatsar Lagdo da aka gama a 1982, wadda take ba mu wuta, mun kuma ga kwazazzabon Kola kusa da Gider, kuma a cikinmu akwai waɗanda aka haifa a Garwa, suka yi jikoki a nan, ba su taɓa zuwa ko ɗaya ba. Haka kuma aikin Hajji a ayari ake yin sa, da jagora da ɗan littafin manasiki a hannu, ban kuma taɓa jin wanda ya ce alhajin da ya bi jagora bai ga Makka ba.

Alhaji tsohon direba, Kusseri:
Ni ina tsakaninku, amma a kan littafi na fi karkata ga Malam, sai dai dalilina daban ne. Babban aibin littafi shi ne tsufa. Waza wuri ne mai tarihi, tun 1934 aka keɓe shi, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1968, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,700, duk wannan littafi zai gaya maka daidai har gobe. Amma a watan Fabrairu na 2013 aka sace iyalin Faransawa bakwai kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun, aka sako su a Afrilu, kuma daga nan yanayin hanyar Mora zuwa Kusseri ya canza gaba ɗaya. Wanda ya riƙe littafin da aka buga kafin wannan shekara, ya gaskata shi, ya jefa kansa da direbansa cikin haɗari. Labarin hanya a bakin 'yan tasha ake samunsa, da safiyar ranar tafiya.

Game da ayari kuwa, Malam, akwai wuraren da ba a zuwa sai da shi. Duk mai hankali ba ya shiga yankin hamada da duwatsu na Ennedi a arewacin Cadi da mota ɗaya. Daga Njamena zuwa Fada tafiyar kwanaki ce, ana ɗaukar mai da ruwa a duro, ana tafiya da mota biyu ko fiye saboda idan ɗaya ta lalace ɗaya ta ɗauki mutane, kuma dole a sami ɗan ƙasa wanda ya san rijiyoyi. Ba don ayari ba, baƙo ba zai ga tafkin Arshe inda raƙuma ke shan ruwa a tsakanin duwatsu ba, balle tafkunan Uniyanga da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2012, kafin ta sa Ennedi a 2016.

Ɗaliba, Ngaundere:
Ina gaida iyayena. Da izininku zan kare shirye-shiryen talabijin, domin da yawa daga cikin tsararrakina ta nan muka fara ganin ɗakunan laka na Musgum da ke wajen Pus, masu tsini da zane a jikinsu, kuma ganin ne ya sa muka fara tambayar yadda ake gina su ba tare da itace ko ƙarfe ba. Akwai kuma amfanin da ya wuce sha'awa. Giwayen gandun dajin Zakuma a Cadi sun kai wajen 4,000 a farkon shekarun 2000, amma mafarautan hauren giwa suka rage su zuwa ƙasa da 500 kafin ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun a 2010, kuma tun daga nan suka fara farfaɗowa. Hotuna da finafinan da aka yaɗa sun taimaka wajen jawo hankalin duniya da baƙi masu biyan kuɗin shiga. Kisan ɗaruruwan giwaye da aka yi a gandun dajin Buba Njida a 2012 ma, mu da ke nan kusa a kafafen labarai muka gan shi. Abin da ke damuna shi ne, ba mu da littafin jagora da Hausa ko Fulatanci da zai ce wa ɗan Garwa ga abin da zai gani a Rai Buba, ga yadda ake gaida Lamido, ga lokacin da ya dace.

Malamin makaranta, Marwa:
'Yata, maganarki ta ƙarshe ita ce tushen damuwata. Hajiya kuma, ayarinku na adashi da ayarin alhazai ba su ne nake nufi ba, domin ku kuka zaɓi inda za ku, kuna jin harshen mutanen da kuka tarar, kuma kuɗinku a hannun direban garinku da mai abincin bakin hanya ya ƙare. Wanda nake nufi shi ne ayarin da ake biyan kuɗinsa tun daga Faransa, a sauke mutane a ƙauye na rabin sa'a, a kira mata su yi rawar da asalinta ta lokacin girbi ce a ranar da ba ta girbi ba, a ɗauki hoton yara ba tare da an tambayi iyayensu ba, a bar su suna bin mota suna roƙon kyauta a lokacin da ya kamata suna aji. Wannan yana ɓata min rai ƙwarai, saboda irin yaran nan ne muke fama mu zaunar da su a makaranta. Kuma da baƙin suka ɗauke ƙafa bayan 2013, 'yan jagora da masu saƙa da dukawan da suka jingina sana'arsu ga baƙi kaɗai sun shiga wani hali, domin ba a taɓa gina kasuwar a kan 'yan ƙasa ba.

Dattijo, unguwar Hausawa, Ngaundere:
Na saurare ku duka, Allah ya yi muku albarka. Ina so in tuna muku cewa mu Hausawan ƙasar nan ayari ne ya kawo kakanninmu. Fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro, sun shigo Adamawa neman hauren giwa da kasuwa, kuma maniyyata sun ratsa Cadi da ƙafa, ta Abeshe zuwa Sudan, wasu suka yi shekaru a hanya, wasu suka zauna a inda guzuri ya ƙare. Babu wanda ya yi wannan tafiya shi kaɗai. Amma ayarin yana da madugu, wanda ya san sarakunan hanya da kuɗin fito, da jagaba wanda ke gaba yana duba hanya, kuma idan aka sauka zango, akwai mai masauki ɗan gari da zai tsaya tsakanin baƙo da mutanen gari, ya gaya masa abin da ake yi da abin da ba a yi. Ko Baturen nan Barth, wanda ya tsallaka Binuwai ya isa Yola a 1851, da rakiyar mutanen ƙasa ya yi tafiyarsa, kuma abin da ya rubuta ya yi nauyi ne saboda ya koyi Hausa ya zauna da mutane. Don haka, Malam, ni a wurina tambayar ita ce wane ne madugun, kuma wa zai tuhume shi idan baƙinsa suka ci mutuncin gari. Madugun da zai sake biyo hanyar nan baɗi yana jin kunyar mutane, amma kamfanin da ke wata ƙasa ba ya haɗa ido da kowa.

Alhaji tsohon direba, Kusseri:
Baba, haka ne, sai dai ko a yanzu direba da ɗan jagora 'yan ƙasa ne, su ne ke shan kunyar, amma ba su ke tsara tafiyar ba. Kuma kada mu zubar da littafi gaba ɗaya, domin abin da ba ya canzawa yana faɗarsa daidai: cewa Zakuma a rufe take da damina saboda ruwa yana shafe hanyoyi, kuma dabbobi sun fi ganuwa a ƙarshen rani lokacin da suke taruwa a bakin ruwa.

Hajiya 'yar kasuwa, Garwa:
Malam, ban yarda a ɗora wa ayari laifin rashin tarbiyyar wasu baƙi ba, domin baƙon da ya zo shi kaɗai ma yana iya ɗaukar hoton yaro ba da izini ba, kuma babu jagoran da zai tsawata masa. Mu dai bayan Sallah muna shirin zuwa Ngaundere, mu tsaya a gandun dajin Binuwai a hanya ko ma ga dorina, mu kuma je magangarar ruwa ta Tello. Baba, muna roƙo ka samo mana mai masauki a unguwarku, ke kuma 'yata, ki shirya alƙalami ki biyo mu, ki rubuta kuɗin mota da wurin sallah da wurin kwana da Hausa, domin matan wata unguwar ma sun fara tambayarmu hanya.