Musayar Baiti: Matan Da Suka Fara Sa Ƙafa

Mai Alli: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kan matan da suka share hanya za mu fafata. Sharaɗi ɗaya ne, kowane baiti ya sauka a kan "-ta". Wanda ya karya amsa-amo, tararsa baiti biyu. Na buɗe da matar da tarihin birnin Fas na Maroko ya ce ta kafa masallacin Ƙarawiyyin a 859.

Bismillahi na ɗauki alƙalami,
In yabi matan da suka raya ilimi,
Fatima Fihriyya ba ta zauna tagumi,
Ta gina masallaci da gadon mahaifinta.

Ɗan Tawada: Wa alaikumus salam Malama. Karɓi naki.

Malama kin kawo mai ginin tubali,
Ni kuwa ga mai ginin hankali,
Nana Asma'u 'yar Shehu mai asali,
Larabci, Fulatanci, Hausa, duk waƙarta.

Ta naɗa jaji, ta ɗora mata malfa,
Ta ce a shiga ƙauye ko ana zufa,
Karatu ya je inda bai taɓa sa ƙafa,
'Yan taru suka yawaita a dalilinta.

Jaji ita ce malamar da ke zagaya ƙauyuka tana koyar da mata, 'yan taru kuma su ne matan da ke cikin wannan tsarin karatu. Nana Asma'u ta rasu a 1864, Allah ya jiƙanta.

Inna Mai Carbi: Amin. Amma ku yara, yabon wanda ya riga ya kwanta dama ba shi da tsada. Ku saurara.

Kuna ta zuba yabo da kirari,
Kun manta wuyar da aka sha tun fari,
Gambo Sawaba ta san duka da ɗauri,
Sau 16 kurkuku na haɗiye ta.

An aske mata kai da fasasshiyar kwalba,
Don ta ce mace ma tana da wanda za ta zaɓa,
Yau sunanta na kan asibiti, ku je ku duba,
Da tana tsare, wa ya share hawayenta?

Tun shekarun 1950 take wannan gwagwarmaya a jam'iyyar NEPU, amma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1979. Ku lissafa shekarun da kanku.

Autar Gida: Inna, gaskiyarki. Ni ɗalibar kimiyya ce, bari in kawo tawa gwanar, Marie Curie, haifaffiyar Warsaw ta ƙasar Poland, wadda ta gano sinadarin radiyam.

Inna ga wata da ta sha wuya a Faransa,
Jami'ar Warsaw ta ce mace ba ta isa,
Tana dafa dutse a rumfa, hayaƙi na tashi bisa,
Har radiyam ya haska a gaban idonta.

Nobel biyu ta ɗauka, duniya ta shaida,
Majalisar masanan Faransa ta ƙi yarda,
Har yau a akwatin darma ake ɓoye takarda,
Hasken da ta gano shi ya cinye jininta.

Kyautar farko 1903, ta biyu 1911, kuma a shekarar ta biyun ne majalisar ta hana ta kujera. Ta rasu a 1934.

Ɗan Tawada:

Inna kin sa mu kuka, bari in share,
A Abeokuta ƙofar fada mata suka tare,
Kan harajin mata, tun rana har dare,
Alake ya sauka, jagora Ransome-Kuti.

Mai Alli: Malam, "-ti" na ji! Tara ta hau kanka.

Ɗan Tawada: Na amsa laifina, sunan Funmilayo ne ya ja ni. A 1949 Alake, sarkin Abeokuta, ya sauka daga gadon. Ga biyan farko, kuma na ga ya koma ɓangaren Inna ba da son raina ba.

Ita ma, Inna, ta sha tata wuya,
Soja suka afka gidan ɗanta da tsiya,
Daga bene suka jefo tsohuwa ba kunya,
Raunin nan ne ya zama ajalinta.

A Legas aka yi, 1977, ta cika a 1978.

Inna Mai Carbi: Ka gani ko, ɗana? To ga tambaya, wanda ya iya ya amsa.

Ku ce mini, masu lissafin ta fari,
Wa ya riƙe goyo ranar da aka yi ɗauri?
Wa ya aika kuɗin karatu wani gari?
Wace ce ta tsaya a cikin inuwarta?

Autar Gida: Ɗaya dai na sani, Inna.

Curie da koyarwa a gidan masu hali ta fara,
Tana aika wa yayarta Bronya abin da ta tara,
Bronya na karatun likita, ta yi mata kira,
Ta sauke ƙanwa a Paris cikin gidanta.

Yarjejeniya ce tsakaninsu, wannan ta ɗauki nauyin waccan, sannan a juya. A 1891 layi ya zo kan ƙanwar.

Mai Alli: Auta ta fitar da mu kunyar Inna. Malam Ɗan Tawada, saura baiti ɗaya a wuyanka, kuma ni zan zaɓa maka. Babu wanda ya taɓo macen da ta fara zuwa sararin samaniya, ta zagaya duniya sau 48 a 1963. Valentina Tereshkova sunanta. Ka sake sauka a kan suna, tarar ta zama huɗu.