Tantance ma'aikatan ƙaramar hukuma: mu ɗauko kamfani ko mu yi da kanmu?

Magatakarda: Assalamu alaikum. An sa ni cikin kwamitin da zai tantance ma'aikatan ƙaramar hukumarmu, domin albashi kaɗai yana lashe kusan duk abin da ke shigowa, har ta kai ko gyaran rijiyar burtsatse sai an ci bashi. A takarda muna da ma'aikata dubu da ɗoriya, amma duk wanda ya zagaya sakatariya da ƙananan asibitocinmu da safe ya san ba su kai haka ba. Wani kamfani ya ce zai ɗauki hoton yatsun kowa a kan naira 1,500 kowane mutum, wasu kuma a cikinmu suna ganin mu karɓi lambar shaidar banki ta kowa, wato BVN, mu gwada da takardar albashi da kanmu. Malaman firamare ba sa cikin aikinmu. Ranar Litinin za mu miƙa wa shugaba shawara, don haka ina neman wanda ya taɓa yin wannan aiki ya haska mana.

Tsohon Akanta: Wa alaikumus salam. Na yi shekara 35 a ofishin kuɗi kafin in yi ritaya. A watan Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, lokacin Kemi Adeosun, ta sanar da cire sunaye 23,846 daga takardar albashi, abin da ya rage naira biliyan 2.29 a wata, kuma da BVN aka yi aikin. Sai dai ka sani, BVN tana kama mutum ɗaya mai karɓar albashi uku ne, ba ta kama mutum mai rai wanda sunansa da asusunsa daidai suke amma yana shagonsa a kasuwa. Wannan sai rajistar zuwa aiki da shugaban sashe mai tsoron Allah.

Uwar Ɗalibai: Malam Magatakarda, don Allah kowace hanya kuka bi ku tausaya wa na ƙasa. Ni malamar firamare ce, kuma tantancewa ta taɓa mayar da ni fatalwa ina raye. A takardar ɗaukata aiki an rubuta sunana da wasali ɗaya a ƙarshe, a banki kuma babu shi, shi ke nan aka tsayar mini da albashi wata tara. Sau shida ina zuwa babban birnin jiha da kuɗin motata, in kwana a gidan 'yan'uwa, in bi layi tun asuba, a ce mai sa hannu ya fita taro. Na kai rantsuwar kotu, na kai wasiƙar hedimasta, na kai rajistar aji mai ɗauke da rubutun hannuna na kowace rana, duk ba a duba ba. Na sayar da keken ɗinkina da akuyoyi biyu, ɗiyata ta bar makarantar kuɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ranar tantancewar na ga 'ya'yan manya da ban taɓa gani a makarantarmu ba sun sauko daga motoci da fayil a hannu, aka ɗauki yatsunsu suka wuce. Da aka dawo da ni, wata huɗu kawai aka biya, sauran biyar har yau ina bin su.

Ɗan Asibiti: Allah ya saka miki, Malama. Amma 1,500 arha ce, mu 3,000 aka yi mana, kuma daga albashinmu aka cire, ba daga asusun hukuma ba.

Mai Lissafi: A'a, ɗan'uwa, an cuce ku ne. A wajenmu bai wuce 500 ba. Wanda ya kamata ku guje wa shi ne kamfanin da zai ce kyauta zai yi, a ba shi kashi goma na abin da aka rage. Irin wannan, kowane suna ya goge riba ce gare shi, kuma ina kyautata zaton haka aka yi wa Malama.

Na Baya Ga Dangi: A ofishinmu akwai direban da ya rasu shekara shida, amma sau biyu ana yi masa ƙarin girma. Allah ya jiƙansa, ya fi samun ci gaba a kabari fiye da mu da muke zuwa kullum.

Ɗan Kwamfuta: Baba Akanta, da girmamawa, sunayen bogin nan ba aljanu suka rubuta su ba, a ofishin kuɗi da na ma'aikata aka shigar da su, a zamaninku. Ta yaya za a ce wanda ya ɗaure kura ya zo ya kwance ta? Dole a kawo na waje.

Tsohon Akanta: Ɗana, na waje ma wani ne yake kawo shi, kuma yawanci kamfanin na ɗan'uwan mai kawowar ne. Tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, wato IPPIS, tun 2007 aka fara shi da na'ura, bai hana a riƙa samun sunayen bogi a ciki ba, malaman jami'a kuma suka yi ta yaƙi da shi har aka amince a cire su a ƙarshen 2023. Wanda bai taɓa rufe takardar albashi ta wata ɗaya ba, ya yi haƙuri ya saurara.

Ɗan Kwamfuta: Na saurara, Baba, amma Malama da ta sayar da kekenta ta fi mu duka cancantar a ji ta.

Magatakarda: Na gode muku. Tambayata dai har yanzu ita ce, ga ma'aikata dubu, wanne ya fi?

Mai Jiran Garatuti: Yallaɓai, kafin ka wahalar da kanka, tambayi inda rarar za ta tafi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, amma mu a wajenmu har yanzu daga jiha ake aiko da takardar albashi a shirye. An tantance mu 'yan fansho sau uku, kowane karo a ce an gano matattu an samu rara, ni kuma shekara biyar ke nan ban ga garatutina ba.

Uwar Ɗalibai: Baba, shekara biyar? Ni saura shekara uku in yi ritaya. Kuna da ƙungiyar da ke bibiyar maganar, ko kowa da kansa yake zuwa?