Wane suna za mu ba maganin da ba a gama tabbatar da shi ba?

'Yan uwa masu raka mata asibiti a Makka da Jidda kuna yi musu tafinta, ina so mu tsayar da magana ɗaya.

Jariri ya faɗo bai yi kuka ba, likita ya ce da Larabci "naƙsul oksijin", a takarda an rubuta HIE. Wannan mun daidaita a kansa: raunin ƙwaƙwalwa saboda ƙarancin iska lokacin haihuwa. Ya fi "ya sha ruwa" da iyayenmu ke faɗi, domin jini mai ɗauke da iskar ne bai isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata ba.

Inda aka rabu shi ne fassarar "ilaj tajribi", wato yadda ake kiran maganin da ake kan bincike a kansa da Larabci.

Wata yayarmu a Makka ta ce "sabon magani". Yaya, ki yi haƙuri, ban goyi baya ba. Uwa da ɗanta ke cikin kwalba, in ta ji "sabo" sai ta ɗauka ya fi na da. Ga misalin iritropoyitin, wanda ake ba masu ciwon koda don ƙarin jini. A jikin dabbobi ya nuna alamar kare ƙwaƙwalwa, aka sa rai ƙwarai. Da aka gwada shi a Amurka kan jarirai 500, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai rage mutuwa ko naƙasa ba, kuma waɗanda aka ba shi sun fi samun matsaloli masu tsanani. Duk jariran nan an yi musu abin da aka riga aka sani, wato sanyaya jiki zuwa digiri 33.5 na awa 72, a fara cikin awa 6 da haihuwa. Ƙarin ne bai ƙara komai ba.

Wani malaminmu daga Mai Wurno ta Sudan ya kawo "maganin gwaji". Malam, fassarar ta yi daidai, amma kunnen Bahaushe ba zai ji ta haka ba. Wani zai zaci gwajin jini ake nufi. Wanda kuma ya tuna yadda aka gwada wani magani a kan yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau, da jin "gwaji" zai ɗauke ɗansa, har sanyayawar da za ta amfane shi ya ƙi.

Ni abin da na kawo shi ne "magani mai jiran tabbaci". Ya ɗan yi tsawo, amma ya gaya wa uba gaskiya: ana fata, ba a tabbatar ba tukuna. Ya dace da magungunan melatonin da alofurinol, waɗanda su ma ake bincike a kansu domin wannan rauni.

In kun amince, shi za mu riƙa faɗi sa'ad da muke karanta wa iyaye takardar amincewa, mu haɗa da cewa suna da damar ƙi, kuma ƙin ba zai hana a kula da jaririnsu ba.