Shin sauya tsarin na'urar numfashi yana kare zuciya a tiyatar kyamara?

Ɗalibar aikin sa barci, Daura:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamanmu. A tiyatar cire maɗaciya ta hanyar kyamara, da zarar an hura wa majiyyaci iskar kabon dayokzaid a ciki, matsin da na'urar numfashi ke nunawa yakan haura, wani lokaci kuma matsin jini ya sauka. Shin sauya na'urar daga tsarin VCV, mai ƙayyade yawan iska, zuwa PCV, mai ƙayyade matsi, zai magance wannan?

Likitan sa barci, Katsina:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tushen matsalar daga cikin majiyyaci yake, ba daga na'ura ba. Iskar da ake hurawa, wadda akan tsayar da matsinta tsakanin 12 da 15 mmHg (ma'aunin matsi), tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sannan ta tura tantanin da ya raba ciki da ƙirji zuwa sama, huhu ya takura. A aikin maɗaciya kuwa har kan gado ake ɗagawa, jini ya taru a ƙafafu, abin da ke isa zuciya ya ƙara raguwa.

Gaskiya ne PCV yakan rage ƙololuwar matsi a hanyar iska, amma abin da ya fi shafar zuciya shi ne matsakaicin matsin da ke cikin ƙirji a tsawon numfashi, kuma ba lalle ne PCV ya rage shi ba. Shi ya sa bambancin tsarukan biyu a kan gudanar jini ba shi da yawa. Ni abin da na fi jin tsoro shi ne a ɗora PEEP mai yawa, wato matsin da na'ura ke bari a huhu a ƙarshen fitar da iska, a kan wanda ya kwana bai ci bai sha ba, kuma ba a yi masa ƙarin ruwa ba.

Ma'aikacin jinya na ɗakin tiyata, Katsina:
Allah ya ƙara basira, Likita. Malama, idan kin koma PCV, kada ki ɗauke ido daga allon na'ura lokacin da ake sace iskar ciki, domin huhu yakan saki nan take, iskar da ke shiga ta zarce mililita 6 zuwa 8 da ake so a kowane kilo na nauyin jiki. Haka nan a farkon hurawa bugun zuciya kan yi ƙasa kwatsam saboda miƙewar tantanin ciki, don haka atropine, maganin da ke ƙara saurin bugun zuciya, ya kasance a zuƙe cikin sirinji, kuma a gaya wa likitan fiɗa ya dakata ya saki iskar.

Ɗalibar aikin sa barci, Daura:
Na gode, malamaina. To idan kabon dayokzaid ya haura a numfashin majiyyaci fa?

Likitan sa barci, Katsina:
Jiki ne ke tsotsar iskar daga ciki, kuma yawanta yana sa zuciya gudu ko rikicewar bugu. Ki ƙara yawan numfashi a minti kafin ki taɓa girmansa, ki riƙe kabon dayokzaid ɗin tsakanin 35 da 45 mmHg, tare da barin isasshen lokacin fitar da iska, musamman ga mai asma.